Girafin, MoS2 ko fosforin: wanne ɗalibi zai ɗora wa gas a kwamfuta?

Ɗalibin fiziks ko kemistiri da ya zaɓi yin binciken digiri na biyu a kan na'urorin shinshinar gas, kuma ba shi da ɗakin gwaji sai kwamfuta, tambaya guda ce ke fara tsayar da shi: wane falle zan gina in ɗora ƙwayar gas a kai? Kayan da kaurinsu bai wuce atam ɗaya zuwa uku ba sun yi yawa yanzu. A 2018 wata tawaga a jami'ar EPFL ta Suwizalan ta tace sinadarai sama da 100,000 da kwamfuta, ta fitar da 1,825 da za a iya ɓare su falle-falle. Amma a aikace uku ne malamai suka fi miƙa wa ɗalibansu: girafin (fallen kabon), da MoS2 (fallen molibdenam da salfa), da fosforin (fallen fosfaras). Kowanne yana da abin da zai ba ka da abin da zai hana ka, kuma wanda ya fi ba da lambobi masu ƙayatarwa a takarda shi ne ya fi saurin lalacewa idan ya sha iska.

Yadda irin wannan na'ura ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa fallen tsakanin wayoyi biyu, a bar lantarki yana ratsa shi. Idan ƙwayar gas ta sauka a kansa, ko dai ta ba shi ɗan ilektron ko ta karɓa daga gare shi, sai gudun lantarkin ya canza, mita ta nuna. Da yake fallen gaba ɗayansa fuska ne, babu atam ɗin da ke ɓoye a ciki, ɗan canji kaɗan ya isa a gani. Aikin mai lissafi, ta hanyar ka'idar DFT ta lissafa halin ilektron a cikin sinadarai, wadda Hohenberg da Kohn da Sham suka kafa a 1964 da 1965, shi ne ya faɗi abu uku: ƙarfin da ƙwayar ke maƙalewa da shi, yawan cajin da suka yi musaya, da abin da ya faru da giɓin makamashin fallen, wato tazarar da ilektron zai tsallake kafin ya ɗauki lantarki.

Sandar awo

Kafin a kwatanta kayan, sai a san irin lambar da ake nema, domin a nan ne ɗalibai da yawa ke murnar abin da ya kamata ya tsorata su. Ƙwayar gas kamar baƙo take. Wanda ya wuce ko sallama bai yi ba, ba ka ma san ya zo ba. Wanda ya sauke kaya ya tare a gidan, ya hana wani baƙon samun wuri. Na'ura mai amfani tana son wanda zai zauna a gaisa, sannan ya tashi.

Ana kimanta lokacin tashin da lissafi mai sauƙi, inda ake ɗauka cewa ƙwayar tana yunƙurin kuɓucewa kusan sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa. A zafin ɗaki, wato kelbin 300, maƙalewa mai ƙarfin 0.2 eV (ma'aunin makamashi a matakin atam) tana sakin ƙwayar cikin 'yan kason biliyan na daƙiƙa. Mai 0.5 eV tana ɗaukar kusan rubu'in kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mai 0.8 eV kusan rabin minti. Mai 1.0 eV kusan awa 17. Mai 1.5 eV kuwa shekara wajen dubu 500. Ke nan duk ƙarin 0.06 eV yana ninka lokacin sau goma. Ɗalibin da ya samu 2 eV ya rubuta cewa ya gano na'ura mai ƙarfin gaske, abin da ya gano na'urar tacewa ce mai kama gas ta riƙe, ba na'urar da za a sake amfani da ita gobe ba.

Zafin gari ma yana cikin lissafin. A ranar bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke kai wa digiri 45, wancan rabin minti na 0.8 eV yana sauka zuwa kusan daƙiƙa biyar. Wanda ke rubuta kundi a nan ya kamata ya saka wannan zafin a jadawalinsa kusa da kelbin 300 da kowa ke kwafa.

Girafin: makarantar koyo

Andre Geim da Konstantin Novoselov ne suka ɓare girafin a Manchester a 2004, suka ci kyautar Nobel a 2010. A 2007 tawagarsu ta nuna cewa ƙaramin fallen girafin yana iya nuna saukar ƙwayar NO2 (naitirojin dayoksaid) guda ɗaya tak da tashinta. Wannan sakamakon ne ya buɗe fagen gaba ɗaya. Sirrinsa shi ne ƙarancin hayaniyar lantarki a cikin girafin, ta yadda ilektron ɗaya ma yana barin alama.

A kwamfuta babu wanda ya kai shi sauƙin ginawa. Ɗakin tushensa, wato ɗan yankin da ake maimaitawa a gina fallen, atam biyu ne na kabon, tsawon gefe 2.46 Å (Å ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita). Ka ninka shi biyar sau biyar ka samu atam 50, ilektron 200 na waje, da tazarar kusan 12.3 Å tsakanin ƙwayar gas da hotonta da ke maimaituwa a ɗaki na gaba. Kwamfutar tebur mai ƙwarin gwiwa tana iya ɗaukar wannan. Kuma akwai ma'aunin da za ka gwada kanka da shi: a 2008 Leenaerts da Partoens da Peeters na jami'ar Antwerp a Beljiyam sun lissafa H2O (ruwa), NH3 (amoniya), CO (kabon monoksaid), NO2 da NO (naitirojin monoksaid) a kan girafin. Sun samu NO2 tana karɓar kusan 0.1 na ilektron, ruwa yana karɓar ɗan kaɗan, NH3 da CO kuma suna bayarwa, abin da ya dace da gwajin Manchester. Idan lissafinka ya ba ka akasin haka, ka san matsalar tana cikin fayil ɗinka.

Sai dai ƙarfin maƙalewar da suka samu duk ƙasa yake da 0.1 eV. Ko an ƙara gyaran van der Waals, wato ɗan jan da ke tsakanin ƙwayoyi ba tare da ɗauri ba, wanda ke ɗaga lambobin, tsantsar girafin ba ya riƙe komai da ƙarfi, kuma ba ya bambance gas da gas sosai. Ba shi da giɓin makamashi, don haka babu abin da za ka nuna ya buɗe ko ya rufe, sai ɗan gocewar matakin Fermi, wato iyakar da ilektron suka cika matakan makamashi. Wani abin lura kuma: a 2009 masu bincike a jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tsaftace girafin daga ragowar robar da ake amfani da ita wajen ƙera na'urar, sai suka ga amsarsa ga tururin sinadarai ta faɗi ƙasa warwas. Ashe dattin ne ke yin babban ɓangaren aikin. Fallen da kake ginawa a kwamfuta, mai tsafta ƙal babu tabo, shi ne ainihin wanda ba ya shinshinar abin kirki.

Shi ya sa duk mai aiki da girafin yake ƙarewa da dasa masa baƙon atam ko cire masa kabon ɗaya. Nan ma an riga ka. A 2009 Dai da Yuan da Giannozzi sun gwada boron, naitirojin, aluminiyam da salfa. Boron ya kama NO da NO2, salfa ya kama NO2, aluminiyam kuwa ya kama kusan komai har da iskar oksijin, wanda ke nufin zai toshe tun kafin gas ɗin da ake nema ya iso. Tun daga lokacin an dasa wa girafin kusan duk ƙarfen da ke cikin jadawalin sinadarai. Samun gurbin da ba a taɓa ba yana da wuya, kuma mai duba mujalla ya gaji da ganin irin wannan takarda.

Akwai tarko biyu na fasaha. Girafin yana buƙatar ɗigogin k (wuraren da lissafi ke ɗaukar samfurin matakan ilektron) masu yawa saboda tsinin Dirac, inda matakan sama da na ƙasa ke haɗuwa, in ba haka ba musayar cajin za ta riƙa rawa daga lissafi zuwa lissafi. Idan kuma ka ninka ɗakin da uku ko shida, ɗigon K, inda tsinin yake, yana naɗewa ya koma kan ɗigon tsakiya mai suna Gamma, sai ɗalibi ya leƙa K bai ga tsinin ba ya zaci gas ɗin ya buɗe giɓi.

MoS2: mai tsada, mai amfani

Falle ɗaya na MoS2 hawa uku ne, molibdenam a tsakiya, salfa sama da ƙasa. Tun 2010 aka tabbatar da gwaji cewa idan ya zama falle ɗaya giɓinsa yana komawa kai-tsaye, kusan 1.8 zuwa 1.9 eV idan an auna da haske. Lissafi da PBE, ɗaya daga cikin hanyoyin kimantawa na DFT, yana ba da kusan 1.7 eV. Kusancin nan sa'a ce kawai: kuskure biyu ne suka ci juna, don haka kada ka rubuta cewa lissafinka ya tabbatar da gwaji.

Giɓin nan shi ne babbar fa'idarsa a kan girafin. Da yake masu ɗaukar caji a cikinsa kaɗan ne, ɗan abin da gas ya ƙara ko ya rage yana sauya gudun lantarki da kaso mai yawa. Kuma kana da abin nunawa a zane: matakin NO2 yana bayyana a cikin giɓin, kowa ya gani. Lissafin da Yue da abokan aikinsa suka wallafa a 2013 ya nuna H2, O2, H2O, NO, NO2 da CO duk suna karɓar caji daga fallen, NH3 kaɗai ke bayarwa. Tun da MoS2 da ake samu a ɗakin gwaji yawanci ilektron ne ke ɗaukar lantarki a cikinsa, NO2 tana rage gudun, NH3 tana ƙara shi. Wannan bambancin alkibla abu ne da masu gwaji suka gani da idonsu. A 2014 wata tawaga a jami'ar Kudancin Kalifoniya ta gano NO2 har ƙasa zuwa kashi 20 cikin biliyan da NH3 zuwa kashi ɗaya cikin miliyan da MoS2 da aka shuka ta hanyar tururi.

Abin da ya sa nake fifita shi ga ɗalibi shi ne lahaninsa na halitta. MoS2 na gaske cike yake da guraben salfa da suka ɓace, an gan su da madubin ilektron, kuma su ne lahanin da ya fi yawa a fallen da aka ɓare ko aka shuka. Ke nan idan ka cire salfa ɗaya a kwamfuta, ba ƙirƙira ka yi ba, kusantar abin da ke hannun mai gwaji ka yi. Gurbin yana fallasa molibdenam uku, yana haifar da matakai a cikin giɓin, yana kuma kama ƙananan ƙwayoyi da ƙarfin da ya ninka na tsantsar fuska. A nan tambayoyin kirki suke. Shin gas ɗin da kake nema ne zai riga shiga gurbin, ko oksijin? Idan oksijin ya cike gurbin, me fallen zai yi da NO2 bayan haka? Ƙarfin ya faɗa cikin tazarar da ake so, ko ya zarce 1 eV? Kundin da ya amsa waɗannan, ko da amsar ta zama cewa gurbin ba ya da amfani a sararin iska, ya fi goman da suka jera gas takwas a kan fuska mai tsafta.

Kuɗinsa shi ne lokaci. Ɗaki huɗu sau huɗu atam 48 ne, gefensa kusan 12.7 Å, kwatankwacin girafin biyar sau biyar. Amma molibdenam a yawancin fayilolin bayanan atam da ake amincewa da su yana zuwa da ilektron 14, salfa da shida, jimla 416, wato ninki biyu na girafin da ɗoriya. Nauyin lissafin DFT yana hawa kusan sau takwas duk lokacin da girman tsarin ya ninka biyu, don haka a takarda za ka ce sau takwas ko tara. A aikace tazarar tana raguwa, saboda mai giɓi ba ya buƙatar ɗigogin k da yawa kamar girafin, kuma zagayen lissafinsa yana daidaita da wuri. Duk da haka, a kwamfutar hannu za ka sha jira. Haɗuwar juyin ilektron da kewayarsa, wadda ke raba saman bandin ƙasa (jerin matakan makamashin da ilektron suka cike) da kusan 0.15 eV a ɗigon K, ba ta da tasiri sosai a ƙarfin maƙalewa. Ka bar ta a kashe wajen daidaita tsari, ka kunna ta sau ɗaya a ƙarshe idan zanen bandi ya buƙata.

Rauninsa a zahiri shi ne jinkirin sakin NO2 a zafin ɗaki. Masu gwaji sukan haska shi da fitila ko su ɗumama shi kafin ya koma yadda yake. Wannan kansa alama ce cewa gurabe da gefuna ne ke aikin, domin tsantsar fuskar ba ta riƙo har haka. Akwai kuma abin da ɗakin lissafinka ba ya gani sam: a na'urori da yawa babban canjin yana faruwa ne a mahaɗar MoS2 da ƙarfen waya, inda gas ke sauya tsayin shingen da ilektron ke tsallakewa.

Fosforin: kyan lamba, gajeren kwana

Baƙin fosfaras tsoho ne, Percy Bridgman ya haɗa shi tun 1914, amma sai a 2014 aka ɓare shi aka yi tiransista da shi. A shekarar ne Kou da Frauenheim da Chen suka wallafa lissafin da ya nuna yana kama gas fiye da girafin da MoS2, musamman masu naitirojin irin su NO da NO2. Dalilin yana cikin tsarinsa: kowane atam yana da ilektron biyu da ba su shiga ɗauri ba, suna leƙe a waje, fallen kuma a tattare yake hawa da gangara, wanda ke ƙara wurin zama. Gwaji ya mara wa lissafin baya. A 2015 an gano NO2 har zuwa kashi biyar cikin biliyan da baƙin fosfaras mai 'yan falle.

A kwamfuta yana da daɗin aiki. Ɗakin tushe atam huɗu ne, gefe ɗaya kusan 3.3 Å, ɗayan kusan 4.6 Å. Huɗu sau uku zai ba ka atam 48 kamar MoS2, amma ilektron 240 kacal. Kana samun giɓi a farashin da ya kusa na girafin. Yana kuma da wani hali da sauran biyun ba su da shi: lantarki yana gudu da sauƙi ta alkibla ɗaya fiye da ɗayar, kuma gas yana taɓa su daban, don haka akwai babi guda na kundi a nan kaɗai. Sai dai a kula, PBE yana ba shi giɓin kusan 0.9 eV, hanyoyin da suka fi shi tsada kuwa, HSE06 kusan 1.5, GW kuma kusan 2. Wannan tazara babba ce, kuma tana iya sauya matsayin matakin gas game da gefen bandi, wato ainihin abin da ke yanke yawan musayar caji. Gefensa mai tsawo kuma laushi ne da shi, yana miƙewa ko tsukewa gwargwadon gyaran van der Waals da ka zaɓa, don haka dole ka daidaita ɗakin da hanyar da za ka yi duka aikin da ita.

A nan gizo ke saƙar: ilektron ɗin nan da ke kama NO2 su ne ke kama oksijin. Lissafin da Ziletti da abokansa suka yi a 2015 ya nuna kowane atam na oksijin yana ɗaurewa a fuskar fosforin tare da sakin kusan 2 eV. A shekarar kuma masu gwaji a Montreal ta Kanada suka nuna cewa haske da oksijin da damshi idan sun haɗu suna cinye fallen, kuma mafi siranta ya fi saurin tafiya. Falle ɗaya da aka bari a sarari yana fara lalacewa cikin sa'o'i. Ana iya rufe shi da wani abu don kariya, amma na'urar shinshina da aka rufe wa fuska ta rasa abin da aka yi ta dominsa. Ka auna wannan da daminar Kano ko Kaduna a watan Agusta.

Ban ce a guje shi ba. Wanda ya zaɓe shi sai ya sa oksijin a tsakiyar bincikensa: ya gina fosforin da ya riga ya ɗauki oksijin a matakai daban-daban, ya ga ko har yanzu yana jin NO2. Wanda ya lissafa tsantsar fallen kawai, ya kammala da cewa ya dace da sa ido kan gurɓatar iska a birane, ya ba mai jarrabawa na waje tambayar da ba ta da amsa.

Akwai na huɗu da ɗalibai ke kwaɗayi yanzu, wato dangin MXene, falle-fallen ƙarfe haɗe da kabon ko naitirojin, musamman Ti3C2 da aka fara yi a jami'ar Drexel a 2011. Matsalarsa ga mai lissafi ita ce fuskarsa a zahiri gaurayen oksijin ce da OH da fulorin, ba a tsare ba, kuma amsar tana juyawa gwargwadon wanda ka zaɓa ka rufe shi da shi. Ga shi da kauri da nauyin ilektron. Wanda ba shi da babbar kwamfuta ya bar shi sai digiri na uku.

Abin da ya fi zaɓin falle tasiri

Wasu shawarwari suna sauya sakamako fiye da bambancin da ke tsakanin kayan ukun. Na farko gyaran van der Waals. PBE, wanda aka fitar a 1996, kusan ba ya ganin wannan ƙarfin, alhali shi ne ke riƙe da yawancin gas a tsantsar fuska. LDA kuma, hanyar kimantawar da ta riga PBE, yana wuce gona da iri. Gyaran D2 na Grimme na 2006, da D3 na 2010, da hanyar Tkatchenko da Scheffler ta 2009, da dangin vdW-DF, kowanne yana ba da tasa lamba, kuma saɓanin 0.1 eV a tsakaninsu ba baƙon abu ba ne. Ka tuna 0.12 eV ninki ɗari ne a lokacin saki. Saboda haka ɗaukar lambar MoS2 daga takardar da ta yi amfani da LDA, a jera ta da lambar fosforin daga wadda ta yi amfani da vdW-DF, a ce wannan ya fi wancan, aikin banza ne. In za ka kwatanta, ka lissafa su duka da kanka da hanya ɗaya.

Na biyu, NO da NO2 da O2 suna da ilektron marar aboki, dole a kunna lissafin sifin, wato juyin ilektron. Na uku, a bar sarari aƙalla 15 Å, gara 20, tsakanin falle da hotonsa, a kuma kunna gyaran daifol (rabuwar caji tsakanin gefe biyu) tun da gefe ɗaya ake ɗora gas. Na huɗu, lambar musayar caji ta dogara da yadda aka raba ta: hanyoyin Bader da Hirshfeld da Löwdin ba sa ba da abu ɗaya. Alkiblar ce abin dogaro, lambar kuma a faɗi da wace hanya aka same ta. PBE kuma yana da halin zuzuta musayar caji ga masu karɓa irin NO2, don haka lissafin HSE06 guda ɗaya a kan tsarin ƙarshe yana ƙara wa kundi nauyi, idan na'ura ta iya.

Batun manhaja bai kai yadda ake kai ruwa rana a kansa ba. Wani babban nazari da mujallar Science ta buga a 2016 ya nuna manyan manhajojin DFT na zamani suna ba da amsa kusan ɗaya idan an saita su daidai. Quantum ESPRESSO kyauta ce, ita ake yawan koyarwa a cibiyar ICTP ta Trieste da makarantar ASESMA ta koyar da irin wannan lissafi a Afirka, da aka fara a Cape Town a 2010, ta kuma zauna a Accra a 2016. VASP sai da lasisin kuɗi. SIESTA tana da sauƙi a ƙaramar na'ura, kuma sashenta na TranSIESTA ne ke ba da zanen gudun lantarki da ƙarfinsa, abin da ya fi kusa da abin da mai gwaji ke aunawa. Amma tana ƙara wa ƙarfin maƙalewa kumbura ta ƙarya sai an yi gyaran da ya dace, kuma a maƙalewa mai rauni kumburar kan kai girman amsar kanta. Inda wuta ba ta da tabbas, a saita Quantum ESPRESSO ta riƙa tsayawa da kanta tana ajiye aiki, a ci gaba daga inda aka tsaya.

To, wanne?

Ya danganta da gas ɗin da lokacin da ke hannunka. Idan NO2 ce ta hayaƙin motoci, ko NH3 irin wadda ke taruwa a gidajen kaji, kuma kana da shekara guda da kwamfutar tebur ko ɗan kaso a babbar na'ura, ɗauki MoS2. Fara da tsantsar fuska don ma'auni, sannan gurbin salfa, sannan gurbin da oksijin ya cike. Kafin ka taɓa shi, ka yi 'yan makonni a kan girafin har ka maimaita alkiblar cajin da 'yan Antwerp suka samu. A nan za ka koyi sarari da ɗigogin k da sifin a kan tsarin da kuskure ba ya cin kwanaki. Idan na'urarka ƙarama ce ƙwarai kuma kana son giɓi, fosforin ne, da sharaɗin oksijin ya shiga taken kundin. Girafin a matsayin babban jigo sai ga wanda malaminsa ke da takamaiman tambaya, misali gaurayen falle biyu inda girafin ke ɗaukar lantarki MoS2 ke kama gas.

Idan kuwa CO ce ta kawo ka, saboda hayaƙin janareta da ke kashe iyalai a ɗaki cikin dare, babu ɗaya daga cikin ukun da zai yi maka aiki a tsantsarsa. CO tana zama a kansu da rauni, cajin da take musaya ɗan mitsitsi ne, ruwa ma ya fi ta riƙo. Sai an dasa ƙarfe irin faladiyam ko filatinam, kuma nan matsaloli biyu ke jira: atam ɗin ƙarfe a tsantsar fuska suna yawo su dunƙule, sannan CO kan kama su da ƙarfin da ya wuce 1 eV. Gurbin salfa na MoS2 yana ba ƙarfen wurin kafewa, wanda wani dalili ne na zaɓarsa. Amma kafin ka lissafa CO, ka fara lissafa ƙarfin da ƙarfen ke riƙe da gurbin, ka kwatanta shi da ƙarfin da ke haɗa ƙarfen da 'yan'uwansa a dunƙule. Sannan a jadawalin gas ɗinka, layi biyu na farko su zama H2O da O2: oksijin kashi 21 cikin ɗari ne na iskar da na'urar za ta zauna a ciki, CO ɗin da ake son ta ji kuwa 'yan gommai ne cikin miliyan.